Tarkon Hayaƙi Yana Cikin Tokar Ɓuntu

A watan Oktoba na shekarar 2025 aka ba da sanarwar cewa lambar yabo ta Nobel a fannin kimiyyar sinadarai ta faɗa hannun mutum uku, wato Susumu Kitagawa na ƙasar Japan, da Richard Robson na Jami'ar Melbon a Ostireliya, da kuma Omar Yaghi, wanda aka haifa a birnin Amman na ƙasar Jodan a gidan Falasɗinawa 'yan gudun hijira. Abin da ya jawo musu wannan ɗaukaka shi ne wani irin gari da suka ƙago, wanda in an zuba maka a tafin hannu sai ka ɗauka gishiri ne, alhali kuwa kowace ƙwayarsa cike take da ƙananan ɗakuna waɗanda ido ba ya iya gani. Ɗaya daga cikin ayyukan da ake sa ran garin zai yi shi ne ya tare iskar kabon-dayoksaid a cikin bututun hayaƙin masana'anta kafin ta tashi sama, sa'an nan a zazzage ta daga jikinsa a mayar da shi bakin aiki, kamar dai yadda mafarauci kan cire abin da tarko ya kama ya sake ɗana shi.

Na san ɗalibin da ke karanta wannan mujalla a Bebeji ko Kiru ko Tudun Wada ko Doguwa zai ce, ina ruwan biri da gada? Ba mu da tashar lantarki mai ƙona kwal, ba mu da kamfanin siminti, hasali ma wutar lantarkin ba ta ishe mu ba, balle mu damu da hayaƙinta. Tambayar tana kan hanya. Ra'ayina dai shi ne muna da rabo a wannan fasaha, rabon kuwa yana nan jibge a bayan injinan casar shinkafa, inda muke cinna masa wuta don mu rabu da shi. Amma kafin in kai ga nan, dole in fara bayyana abin da ake son kamawa da kuma yadda ake kama shi.

Iskar kabon-dayoksaid, wadda daga nan zan riƙa kira iskar kabon don sauƙi, ita ce wadda muke fitarwa a numfashi, ita ce kuma ke fita duk lokacin da aka ƙona itace ko gawayi ko fetur ko gas. Kada a haɗa ta da ƙanwarta kabon-monoksaid, wadda kan hallaka iyali a dare ɗaya idan an kwana da janareta a cikin gida. Ita wannan da muke magana a kai ba dafi ba ce a ɗan adadin da take a sararin sama. Illarta ita ce riƙe zafi, kamar bargo. Kafin zamanin injuna, a cikin kowace ƙwayar iska miliyan ɗaya, kimanin 280 ne nata. Sa'ad da Charles Keeling ya fara auna ta a kan dutsen Mauna Loa na tsibirin Hawayi a 1958, ya sami kimanin 315. Yau ta haura 420, zafin duniya kuma ya ƙaru da fiye da digiri 1 a ma'aunin Salsiyas.

To, me zai hana a tura hayaƙin duka a rami a rufe? Abin da ya hana shi ne mafi yawan abin da ke fita ta bututun hayaƙi iskar naitirojin ce, wadda dama ita ce kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa, ba ta da laifin komai. A tashar da ke ƙona kwal, iskar kabon ba ta wuce kashi 12 zuwa 15 cikin 100 na hayaƙin. A tashar gas kimanin kashi 4 ce kacal. A kamfanin siminti ne takan kai kashi 20 ko fiye. Saboda haka aikin na tsinta ne, irin wanda uwargida ke yi da faifai in tana raba tsakuwa da shinkafa. Bambancin shi ne nan duka biyun iska ce, kuma suna wucewa da gudu, da zafi, dare da rana.

A matsayina na malamin ilmin halittu, ina so ɗalibai su lura cewa jikinsu ya daɗe yana wannan tsinta. A cikin jajayen ƙwayoyin jini akwai sinadarin haimogulobin, wanda kowa ya sani da ɗaukar iskar oksijin. Abin da ba a cika ambata ba shi ne, a hanyarsa ta komowa daga gaɓoɓi, yakan goyo kimanin kashi ɗaya cikin biyar na iskar kabon da jiki ya tara. Tana maƙalewa ne a wasu 'yan rassa na jikinsa da ake kira amin, dangin amoniya ke nan, ba amin ta addu'a ba. Idan jini ya iso huhu, inda iskar kabon ta yi ƙaranci, sai riƙon ya saki, mu fitar da ita, ƙwayar jinin ta koma ta sake ɗauko wata. Ƙwayar jini guda takan yi kimanin kwana 120 tana wannan kai-da-komo kafin ta tsufa.

Dawa da gero da masara da rake su ma suna da tasu dabarar. A sassan ganye na waje akwai wani sinadari da ke damƙe iskar kabon, ya kai ta can ciki kusa da jijiyar ganye, ya sauke ta a inda ake haɗa sukari, sa'an nan a sabunta shi ya koma waje. Masana biyu, Hatch da Slack, su suka fayyace wannan hanya a ganyen rake a 1966. Ita ce ta sa dawa ke jure zafin da kan galabaitar da alkama. Sai dai akwai abin lura: sabunta sinadarin nan ba kyauta ba ne, tsiron yana biya da wani ɓangare na ƙarfin da ya samo daga hasken rana. A riƙe wannan, domin shi ne gindin maganar duka. Kamawa ba ta da wuya. Sakin abin da aka kama shi ke cin kuɗi.

Injiniyoyi sun fara ne da ruwa. Tun a 1930 wani Ba'amurke mai suna Robert Bottoms ya yi rajistar dabarar wanke iska da ruwan amin: a yayyafa ruwan a kan hayaƙi ya tsotse iskar kabon, a kai shi wata tukunya a tafasa ya amayar da ita. Da irin wannan hanya tashar kwal ta Boundary Dam a Kanada ta fara aiki a 2014, da ita kuma kamfanin siminti na Brevik a Norwe ya fara a 2025, da niyyar kama tan 400,000 a shekara. Hanyar tana aiki, amma tana da ci. Kimanin kashi 70 cikin 100 na ruwan maganin zallar ruwa ne, kuma duk wanda ya taɓa dafa ruwan wanka ya san ruwa ba ya zafi da arha. Kafin giram ɗaya na ruwa ya ƙara digiri ɗaya sai ya sha jul 4.2, alhali giram ɗaya na yashi ko gawayi jul 1 ko ƙasa da haka ya ishe shi. Tashar lantarkin da ta ɗora wa kanta wannan wanki takan yi asarar kashi ɗaya cikin biyar na wutarta, ko fiye.

Wannan ne ya sa aka juya ga busasshen abu, wato gari ko 'yan ƙwayoyi. A nan iskar ba narkewa take yi ba, maƙalewa take yi a bangon ramukan garin, kamar yadda ƙamshin turaren wuta kan kama tufafin da aka turara, in an shanya su a rana ya tashi. Bari mu kira irin wannan gari madamƙi. Sirrinsa yana ga yawan bango. Giram ɗaya na gawayin da aka gyara, in da za a shimfiɗe bangon ramukansa, zai rufe murabba'in mita 1,000 ko kusa da haka. Wasu daga cikin garin da ya ci lambar Nobel sukan kai murabba'in mita 7,000, wato faɗin filin ƙwallon ƙafa a cikin abin da bai cika cokali ba. Akan jera akwatuna biyu ko fiye: yayin da hayaƙi ke ratsa ɗaya, ana gasa ɗayan da tururi, ko a zuƙe iskarsa da famfo, har ya saki abin da ya riƙe, sa'an nan a yi musanya.

Abin ba baƙo ba ne kamar yadda sunansa ke nunawa. 'Yar jakar nan mai ƙwayoyi da akan samu a kwalin sabon takalmi ko a robar magani madamƙin danshi ce. Na'urar da ke ba marar lafiya oksijin a gefen gado, wadda mutane da yawa suka fara sani a lokacin annobar korona a 2020, tana ɗauke da wani ma'adini mai suna ziyolait, wanda ke riƙe naitirojin ya bar oksijin ta wuce, ya saki, ya sake riƙewa, cikin 'yan daƙiƙoƙi. Da ziyolait ɗin ne kuma ake tsabtace numfashin 'yan sama jannati a tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa. Kai, har kanwar da ke ɗakin girki tana cikin dangi, domin gauraye ce ta sodiyam-kabonet da sodiyam-baikabonet. Na farkon, idan ya sami iskar kabon da ɗan danshi, sai ya koma na biyun. Na biyun kuma in an gasa shi sai ya saki iskar ya koma na farkon. A lissafi, giram 106 na sodiyam-kabonet yana iya riƙe giram 44 na iskar kabon. A ƙasar Koriya ta Kudu an gwada ɗan'uwansa, fotasiyam-kabonet, a tashar kwal ta Hadong, a kan hayaƙin megawat 10. Shi wannan fotasiyam-kabonet shi ne ke sa ruwan toka santsi, shi ne masu sabulun gargajiya ke nema a tokar kara.

Kada dai a ɗauka an gama. Hayaƙi ba tsabtatacciyar iskar ɗakin gwaji ba ce. Yana da danshi, ziyolait kuwa ya fi son ruwa a kan iskar kabon, da ya sha danshi sai ya daina aiki. Yana da iskar farar wuta, wadda kan kama amin ta ƙi saki har abada. Yana da ragowar oksijin, wadda kan ci amin sannu a hankali in ana gasa shi. Ƙwayoyin kansu sukan goge juna su koma ƙura. Shi ya sa daga cikin dubban ire-iren garin da aka ƙago, 'yan kaɗan ne suka fita daga ɗakin gwaji. Wanda ya fi suna shi ne CALF-20, na Jami'ar Kalgari a Kanada, wanda aka buga bayaninsa a 2021. Bai fi sauran yawan ramuka ba, amma yana jure danshi da tururi. Kamfanin Svante ya gwada shi a wata masana'antar siminti kusa da birnin Bankuba, yana kama kimanin tan ɗaya a rana. Tan ɗaya, a masana'antar da irinta kan fitar da dubbai a kowace rana! Wannan shi ne matsayin da fasahar take, kuma a wurina labari ne mai daɗi, domin yana nufin ba a riga an rufe ƙofa ba.

Yanzu sai mu dawo gida. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a ƙasar Bebeji a 1974, aikin da aka fara a zamanin Gwamna Audu Bako, ruwan Kogin Kano ya mayar da Kadawa da Kura da Bunkure ƙasar shinkafa rani da damina. Tudun Wada kuwa sananniya ce wajen cinikin shinkafa da turara ta da casarta. Duk inda aka cashe shanshera sai an bar ɓuntu, kuma kimanin kashi ɗaya cikin biyar na nauyin shanshera ɓuntu ne. Dabba ba ta cinsa da daɗi, ƙasa ba ta ruɓar da shi da wuri, in ya taru ya zama tsibi sai a sa masa wuta ya yi ta cin kansa kwana da kwanaki. Abin da ya sa yake da wannan taurin kai shi ne, shinkafa tana zuƙo sinadarin silika daga ƙasa, wato ainihin abin da yashi ya ƙunsa, ta jera shi a jikin ɓuntu ya zama sulke ga ƙwayar. Idan an ƙona ɓuntu, kusan kashi ɗaya cikin biyar nasa yakan rage a matsayin toka, wajen kashi 90 cikin 100 na tokar nan kuwa silika ce.

Silikar ɓuntu ta fi ta yashi sauƙin sarrafawa nesa ba kusa ba. Yashi sai an narka shi a wuta mai zafin da ya haura digiri 1,000, amma tokar ɓuntu, in an ƙona ta a hankali ƙasa da digiri 700, sodar yin sabulu ma tana narkar da ita a tukunya. Daga wannan ruwa ake sake fitar da silika mai ramuka, a shafe bangon ramukan da amin, a sami madamƙin da ke kama iskar kabon ko da akwai danshi, ya kuma sake ta a zafin da bai wuce na tafasasshen ruwa da yawa ba. Daga shi kuma ana haɗa ziyolait. Idan aka turara ɓuntun ba tare da iska ba, sai a sami gawayi, wanda za a iya gyarawa a ɗora masa fotasiyam-kabonet. Masana a ƙasashen da ke noman shinkafa sun yi rubuce-rubuce masu yawa a kan waɗannan hanyoyi. A nan kusa da mu ma, masana a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya sun daɗe suna haɗa ziyolait daga farar ƙasar Ƙanƙara ta Jihar Katsina.

Bari mu yi lissafi, don kada zumuɗi ya ɗebe mu. Shanshera kilo 100 za ta ba da ɓuntu kilo 20, ɓuntun ya ba da toka kilo 3 zuwa 4, tokar ta ba da silika kimanin kilo 3. Madamƙi mai kyau irin na silika da amin yakan riƙe iskar da ta kai kusan kashi ɗaya cikin goma na nauyinsa. Ke nan abin da za a samu daga buhu guda zai kama giram 300 zuwa 400 a zagaye ɗaya. Lita ɗaya ta man dizal kuwa takan fitar da iskar kabon kilo 2.6 da ɗoriya. Wato sai madamƙin ya yi zagaye bakwai ko takwas kafin ya kwashe hayaƙin lita guda. Idan zai mutu a zagaye na goma, shara ce kawai aka canja wa kama. Idan kuwa zai yi zagaye 5,000, to buhun nan ɗaya ya kama fiye da tan ɗaya da rabi. Darajar madamƙi tana ga tsawon ransa da kuma arhar zafin da ake sabunta shi da shi.

A nan ne nake ganin muna da abin da ba kowa ke da shi ba. Manyan masana'antun shinkafa da dama ɓuntun suke ƙonawa a tukunyar tururi don su turara shanshera su busar da ita. Duba abin da ya taru a fili ɗaya: ga bututun hayaƙi mai iskar kabon, ga toka mai silika da ake neman inda za a zubar, ga kuma tururi mai zafin da ya dace da sabunta madamƙi. Abubuwa uku ke nan da mai bincike a wata ƙasa zai sayo daga wurare uku. Bugu da ƙari, ɓuntu ba shi da farar wuta mai yawa kamar kwal, don haka amin zai fi daɗewa. Sa'an nan iskar da ke fita daga ɓuntu, daga sama shinkafa ta zuƙo ta a daminar da ta wuce. Duk abin da aka kama aka adana daga cikinta ragi ne na gaske ga abin da ke sama.

Wani abokin aiki zai ce mini, Malam, wannan wahalar ta wa ce? Yana da hujja. Ɗan Nijeriya, in an raba, bai fitar da tan ɗaya na iskar kabon daga mai da gas da siminti a shekara ba, yayin da Ba'amurke ke fitar da wajen tan 14. Duniya tana fitar da kimanin tan biliyan 37 a shekara daga waɗannan hanyoyi, duk na'urorin kama iskar da aka kafa kuwa ƙarfinsu bai wuce tan miliyan 50 da 'yan kai ba, wato bai kai kashi biyu cikin dubu ba. Wanda duk ya zo ya ce mana injin kama hayaƙi a Kiru zai gyara damina, to a bincike shi da kyau, wataƙila kwangila yake nema.

Akwai kuma matsalar ma'ajiya. Ana adana iskar kabon ne a ƙarƙashin ƙasa, a zurfin da ya haura mita 800, cikin dutse mai ramuka kamar soso wanda wani dutsen marar ƙofa ya rufe, kamar yadda Norwe ke yi a filin gas na Sleipner a ƙarƙashin Tekun Arewa tun 1996. Kudancin Kano kuwa a kan tsohon dutse mai tauri yake zaune, irin fa da duwatsun da matafiyi ke gani a hanyar Doguwa har zuwa Riruwai, inda aka daɗe ana haƙar kuza. Irin wannan dutse ba ya shan iska. Wuraren da suka fi dacewa a ƙasar nan suna yankin Neja Delta, inda aka zuƙe mai aka bar gurbi, tazarar kuwa ba kaɗan ba ce.

Abin da ya fi damuna ma ba wannan ba ne. Mafi yawan hayaƙinmu ba ta bututu yake fita ba. Yana fita ne daga murhun girki, da rabin durom ɗin da mata ke turara shinkafa a ciki, da ramin masu ƙona gawayi, da gobarar daji a lokacin hunturu. Babu injin da zai bi waɗannan ɗaya bayan ɗaya. Dajin Falgore, wanda aka keɓe tun shekarun 1940 da sunan Kogin Kano, aka mayar da shi gandun namun daji a shekarun 1960, yana da faɗin kusan murabba'in kilomita 1,000, ya ratsa ƙasar Tudun Wada da Doguwa da Sumaila. Rabin nauyin busasshen itace kabon ne, saboda haka duk kilo ɗaya da aka ƙona yakan saki kimanin kilo 1.8 na iskar. Lodin mota ɗaya na itace ya fi abin da na'urar gwaji ta Bankuba ke kamawa a kwanaki da yawa. Dajin nan kuma shi ke riƙe ƙasar da Kogin Kano ke ratsawa kafin ya zuba a Tiga, kuma ƙasar da ruwa ya zaizaye a can, a cikin madatsar take kwantawa. Ba na son ranar da wani zai ce a bar masu sara su yi sara tunda kimiyya ta samo maganin hayaƙi.

Duk da haka ina nan a kan bakana, don dalilin da ya shafi siminti. Ana yin siminti ne ta hanyar gasa dutsen farar ƙasa, kuma kowane kilo 100 na dutsen yakan saki kilo 44 na iskar kabon daga jikinsa, ko da da hasken rana aka gasa shi. Fiye da rabin iskar da kamfanin siminti ke fitarwa daga dutsen take, ba daga makamashi ba. Mu kuwa gini muke yi, kuma za mu ci gaba da yi. Kalambaina a Sakkwato da Ashaka a Gombe da Obajana a Kogi ba su da wata mafita ta ƙarshe sai kamawa. Nijeriya ta yi alkawari a taron Gilasgo na 2021 cewa nan da 2060 abin da take fitarwa ba zai wuce abin da take kwashewa ba, ta kuma kafa dokar sauyin yanayi a wannan shekarar. Tarayyar Turai ta tsara cewa daga 2026 siminti da takin zamani da ƙarfen da ake kai mata sai an biya kuɗin iskar da aka fitar wajen yin su. A 2020 kuma aka ƙaddamar da aikin bututun gas mai tsawon kilomita 614 daga Ajakuta ta Kaduna zuwa Kano, wanda ake fatan zai ta da masana'antu da tashoshin lantarki. Ranar da za a buƙaci madamƙi a ƙasar nan tan-tan tana tafe. Ko dai ɗaliban da ke aji huɗu a yau su ne za su haɗa shi, ko kuwa mu sayo shi da dala, daga tokar shinkafar wasu.

Ba ma sai an jira wannan rana ba. Gas ɗin girki da ake samu daga kashin shanu kashi 30 zuwa 45 cikin 100 nasa iskar kabon ce, wadda ba ta ci da wuta, tana cika tulu ne kawai. Madamƙi mai arha zai tace ta a sami gas mai ƙarfi, kuma wannan tsintar ta fi ta hayaƙi sauƙi. Ita iskar da aka kama tana da kasuwa wajen masu lemon kwalba da masu walda da masu tulun kashe gobara. An kuma daɗe da sanin cewa idan aka cika rufaffen rumbu da ita, ƙwarin hatsi sukan mutu ba tare da an zuba guba a abinci ba, abin da duk mai ajiye wake zai so ya ji. Gaskiya ne waɗannan hanyoyi a ƙarshe sama suke mayar da iskar, ba su rage ta ba. Amfaninsu shi ne su biya kuɗin koyon aikin.

Ga malaman sakandare, ana iya fara wannan darasi da abin da ke cikin kabad. A auna giram 16.8 na sodiyam-baikabonet, wato bekin soda, a gasa shi sosai, a bi da iskar da ke fita ta cikin tataccen ruwan farar ƙasa, yara su ga ya koma kamar madara. Abin da zai rage ya kamata ya kusanci giram 10.6. A ɗan yayyafa masa ruwa, a rufe shi a kwalba tare da ƙaramin kofi na yis da ruwan sukari ya kwana biyu, sa'an nan a sake gasa shi a kan sabon ruwan farar ƙasa. Idan ruwan ya sake yin fari, to yaran sun ɗana tarko, sun kama, sun saki, da hannunsu. A maimaita sau biyar a ga ko ƙarfinsa na raguwa. Mai son gwada tokar ɓuntu ya rufe hanci da baki, domin ƙurar silika tana illa ga huhu, musamman tokar da ta sha wuta fiye da kima.

Jami'o'inmu na Kano da Wudil da Zariya, tare da cibiyar binciken fasahar sinadarai da ke Basawa, nasu aikin ya fi haka nauyi. Mun iya rubuta kundin digiri a kan garin da aka gwada sau uku da tsabtatacciyar iska daga tulu. Abin da nake roƙo shi ne a nemi izinin masana'antar shinkafa guda ɗaya, a ja ɗan siririn bututu daga hayaƙinta zuwa akwatuna biyu masu cin kilo goma-goma, ɗaya da silika mai amin, ɗaya da gawayin ɓuntu mai fotasiyam-kabonet, tunda shi amin daga waje ake sayo shi, fotasiyam kuwa yana cikin tokar karanmu. A bar su su yi aiki da tururin masana'antar tun daga kaka har zuwa bazara, ɗalibai suna rubuta abu uku a kowace rana: giram nawa aka kama, tururi nawa aka kashe, da kuma zagaye na nawa ke nan.